Tsibiran Chagos: yadda gwamnatin Birtaniya ta yi shekara sittin tana kewaye majalisarta

Ranar 3 ga Oktoban 2024 gwamnatin Birtaniya da ta Mauritius suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa Birtaniya za ta miƙa wa Mauritius tsibiran Chagos, amma za ta ci gaba da riƙe sansanin sojan da ke tsibirin Diego Garcia na tsawon shekara 99. A ranar majalisar dokoki tana hutu. 'Yan majalisa sun ji labarin ne a rediyo da wayoyinsu kamar kowa. Sai da aka dawo zama ranar 7 ga wata ministan harkokin waje David Lammy ya tsaya ya yi musu bayani, bayan kakakin Majalisar Wakilai, Lindsay Hoyle, ya yi wa gwamnati faɗa a kan sanar da batu mai girma irin wannan a wajen zaure.

Faɗan kakakin bai canza komai ba, kuma ba shi ne na farko ba. Tun 1965 kusan duk babban hukuncin da aka yanke a kan waɗannan tsibirai an yanke shi ne ba tare da ƙuri'ar majalisa ba. Wannan nazari ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, don a ga wace ƙofa gwamnati ta bi a kowane karo, wane makami majalisa take da shi, da kuma dalilin da makamin bai ci ba.

Wurin da ake magana a kai

Chagos tarin ƙananan tsibirai ne fiye da hamsin a tsakiyar Tekun Indiya, kimanin kilomita 500 kudu da Maldives, kuma fiye da kilomita 2,000 daga babban tsibirin Mauritius. Diego Garcia ne mafi girma. Faransa ce ta fara mallakar su, ta kai bayi daga Afirka da Madagaska suna aikin gonakin kwakwa. A yarjejeniyar Paris ta 1814 Faransa ta sallama wa Birtaniya Mauritius da tsibiran da ke ƙarƙashinta.

Wannan sallamawa ta 1814 ita ce tushen komai a fuskar shari'a. A tsarin dokar Ingila, yankin da aka ci da yaƙi ko aka karɓa ta hanyar sallamawa, gadon sarauta yana da ikon yi masa doka kai tsaye ba sai an bi ta majalisa ba. Sarki ko sarauniya ba su ne ke amfani da wannan iko da kansu ba, ministoci ne. Ma'aikata ta rubuta daftari, a kai shi zaman majalisar mashawartan fada, a karanta takensa kawai, mai sarauta ya amince, shi ke nan ya zama doka. Zaman yakan ɗauki 'yan mintoci, kuma a tsaye ake yin sa. Irin wannan umarni na fada, idan a kan ikon gadon sarauta ya dogara, babu dokar da ta tilasta a ajiye shi gaban majalisa, balle a yi muhawara ko ƙuri'a.

Ƙari a kan haka, yankunan ƙetare na Birtaniya guda 14, irin su Gibraltar, Bermuda da tsibiran Falkland, ba su da ko kujera ɗaya a majalisar Landan. Faransa ta ba nata yankunan kujeru a majalisunta biyu. Mutumin yankin ƙetare na Birtaniya kuwa ba shi da ɗan majalisar da zai je wa da kuka a matsayin ɗan mazaɓa, sai dai ya nemi wanda zai tausaya masa.

1965 zuwa 1973: rabawa, ɓoyayyen ciniki, da kwashe mutane

A Satumban 1965 ana taron tsarin mulkin Mauritius a Landan. Amurka ta riga ta nuna tana son Diego Garcia, kuma tana son sa babu kowa a ciki. Ranar 23 ga wata firaminista Harold Wilson ya gana da jagoran Mauritius, Seewoosagur Ramgoolam, aka nuna masa cewa samun 'yanci da rabuwa da Chagos tafiyarsu ɗaya. Aka biya Mauritius fam miliyan 3. Ranar 8 ga Nuwamba aka fitar da umarnin fada da ya ƙirƙiro sabon yanki mai suna Yankin Birtaniya na Tekun Indiya. Majalisar Wakilai ta samu labari bayan kwana biyu, ta hanyar rubutacciyar amsa daga ministan yankunan mulkin mallaka, Anthony Greenwood. Rubutacciyar amsa ana buga ta ne a kundin zaman majalisa, ba a karanta ta a zaure, don haka babu wanda zai miƙe ya yi tambayar bi-baya.

Ranar 30 ga Disamban 1966 aka yi musayar takardu da Amurka: za ta yi amfani da yankin don tsaro na shekara 50, kuma idan babu wanda ya ba da sanarwar janyewa, a ƙara 20. An buga wannan takarda. Abin da ba a buga ba shi ne ladan da Birtaniya ta karɓa, wato rangwamen dala miliyan 14 a kan kuɗin makamai masu linzami samfurin Polaris da take saye daga Amurka. Dabarar a nan ta lissafi ce. Da kuɗi aka biya a fili, da sai sun fito a kasafin Amurka, su kuma shiga asusun baitulmalin Birtaniya, inda masu binciken kuɗi da kwamitin kula da asusun gwamnati za su gan su. Rangwame kuwa ba ya barin sawu: wani adadi ne kawai ya ragu a cikin wani babban bashi. Majalisun ƙasashen biyu duka an ɓoye musu. Sai a 1975, da jaridun Amurka suka tono batun kuma wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya yi zaman jin bahasi, maganar ta fito.

Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe mazauna tsibiran, waɗanda ake ƙiyasta yawansu tsakanin 1,500 da 2,000, aka zube su a Mauritius da Seychelles. Wasu sun je Mauritius neman magani ne ko ziyara, aka hana su jirgin komawa. Dokar da ta haramta musu zama ba majalisa ce ta yi ta ba. Kwamishinan yankin ne ya sa hannu a kanta a 1971, kuma shi ma'aikacin gwamnati ne da ministoci suka naɗa. A gaban Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, matsayin da jami'ai suka tsara shi ne cewa mutanen 'yan ƙwadago ne na wucin gadi daga Mauritius da Seychelles, alhali takardun cikin gida sun nuna sun san akwai waɗanda kakanninsu a can aka haife su. Dalilin wannan rufa-rufa shi ne sashe na 73 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya wajabta wa mai riƙe da yanki mai mazauna na dindindin ya riƙa kai rahoto a kansu.

Sa ido a kan gwamnati yana tafiya ne da bayanin da gwamnatin ta bayar. A wancan lokaci ma babu kwamitin harkokin waje a Majalisar Wakilai irin na yau, domin sai a 1979 aka kafa tsarin kwamitocin da ke bin kowace ma'aikata. Diyyar da aka biya, fam 650,000 a 1972 da fam miliyan 4 a 1982, ta biyo bayan matsin lamba ne daga Mauritius da ƙarar da wani ɗan tsibirin ya shigar, ba binciken majalisa ba.

2000 zuwa 2008: kotu ta buɗe, fada ta rufe

Ranar 3 ga Nuwamban 2000 babbar kotun Ingila ta yanke hukunci a ƙarar Olivier Bancoult, jagoran wata ƙungiyar 'yan Chagos, cewa dokar 1971 haramtacciya ce. Hujjar alƙalai ita ce ikon yin doka don zaman lafiya da kyakkyawan mulkin yanki bai haɗa da korar dukan mutanen yankin ba. Ministan harkokin waje na lokacin, Robin Cook, ya ce ba zai ɗaukaka ƙara ba, aka yi sabuwar doka da ta ba su damar komawa tsibiran waje, ban da Diego Garcia.

Damar ta tsaya a takarda, domin babu jirgi, babu gidaje, babu kuɗi. Ranar 10 ga Yunin 2004, ranar da hankalin ƙasa yake kan zaɓen ƙananan hukumomi da na majalisar Turai, aka fitar da umarnin fada guda biyu da suka soke haƙƙin kowa na zama a yankin. Ba a tuntuɓi kwamitin harkokin waje ba. Bayan kwana biyar ƙaramin minista Bill Rammell ya sanar da majalisa a rubuce, ya kafa hujja da tsaro da kuma wani bincike na 2002 da ya ce sake tsugunar da mutane zai yi tsada kuma yana da haɗari. A watan Yuli an yi muhawara a ƙaramin zauren da ake kira Westminster Hall. Muhawarar wannan zaure tana tilasta wa minista ya zo ya amsa, amma ba a kaɗa ƙuri'ar da za ta ɗaure gwamnati. Ihu bayan hari ke nan.

Abin lura shi ne gwamnati ta zaɓi hanya. Tana iya kawo ƙudirin doka, kuma da rinjayen da jam'iyyar Labour take da shi a lokacin da wuya ya faɗi. Amma ƙudiri yana nufin karatu uku a kowace majalisa, da zaman kwamiti, da ministan da zai tsaya ya kare korar mutane da bakinsa. Umarnin fada ya kawar da duk wannan.

'Yan tsibirin sun sake cin nasara a babbar kotu a 2006 da kotun ɗaukaka ƙara a 2007. Ranar 22 ga Oktoban 2008 alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli, suka ba gwamnati gaskiya da rinjayen uku da biyu. Hukuncin ya tabbatar da cewa kotu tana iya duba irin wannan umarni, wanda ci gaba ne a shari'a. Sai dai masu rinjaye sun ce auna tsaro da kashe kuɗi aikin gwamnati ne, ba na alƙalai ba. A nan giɓin ya fito fili: kotu ta ce batun na siyasa ne, wurin da ake tuhumar gwamnati a kan siyasa kuwa, wato majalisa, an riga an kewaye shi.

Kwamitin harkokin waje da abin da yake iyawa

Kwamitin yana da mambobi 11 daga jam'iyyu daban-daban, kuma tun 2010 dukan majalisa ce ke zaɓen shugabansa a ƙuri'ar sirri. Shi ke zaɓar abin da zai bincika. Yana kiran a aiko da rubutattun hujjoji, ya gayyaci shaidu, ya yi tafiya idan ta kama, ya buga rahoto. Bisa al'ada gwamnati tana mayar da amsa a rubuce cikin wata biyu. Ba ya iya tilasta wa minista ya bayyana ko ya miƙa takardun sirri, kuma shawarwarinsa ba umarni ba ne.

A Yulin 2008 ya buga babban rahoto a kan yankunan ƙetare, ya ce akwai hujja mai ƙarfi ta ɗa'a da ke goyon bayan a bar 'yan Chagos su koma kuma a tallafa musu. Gwamnati ta ce shari'a na gaban kotu, bayan wata uku kuma ta ci shari'ar. Wannan rahoto ɗaya ya yi tasiri a wani wurin: zargin cin hanci da ya tattaro daga tsibiran Turks da Caicos ya sa aka kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Sir Robin Auld, har aka dakatar da gwamnatin yankin a Agustan 2009. Saboda haka ba daidai ba ne a ce kwamitin kyanwar Lami ce a ko'ina. Bambancin shi ne a Turks da Caicos babu sansanin Amurka.

Batun jigilar fursunoni a asirce ya fi nuna rauninsa. Shekaru ministoci suna shaida wa majalisa cewa Amurka ba ta bi da fursunoni ta yankin Birtaniya ba, kuma a Disamban 2005 ministan harkokin waje na lokacin, Jack Straw, ya maimaita wa kwamitin haka da kakkausar murya. Ranar 21 ga Fabrairun 2008 David Miliband, wanda ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje a lokacin, ya zo zaure ya ba da haƙuri, ya ce jirage biyu, kowanne ɗauke da fursuna ɗaya, sun sha mai a Diego Garcia a 2002. Gyaran bai fito daga binciken Birtaniya ba. Amurka ce ta duba kundinta ta faɗa. Wato amsoshin da ministoci suka riƙa bayarwa tabbacin da wata ƙasa ta ba su ne, suka miƙa wa majalisa ba tare da sun tantance ba, ko da yake akwai jami'an sojan ruwan Birtaniya a tsibirin da ke da alhakin shige da fice. Da aka nemi kundin saukar jirage na 2002, amsar da minista ya ba majalisa a 2014 ita ce ruwa ya lalata wani ɓangarensa.

Ranar 1 ga Afrilun 2010, majalisa tana hutun Ista kuma zaɓe ya ƙarato, Miliband ya ayyana tekun Chagos mai faɗin murabba'in kilomita 640,000 a matsayin yankin da aka hana kamun kifi. A ƙarshen shekarar, takardun diflomasiyyar Amurka da WikiLeaks ya fallasa sun ƙunshi rahoton wata ganawa ta 2009 da ke nuna cewa wani jami'in Birtaniya ya ce matakin zai kashe maganar komawar mutanen. A Maris na 2015 kotun sulhu ta ƙasa da ƙasa ta ce Birtaniya ta keta dokar teku domin ba ta tuntuɓi Mauritius yadda ya kamata ba. A 2016 kuma yarjejeniyar 1966 ta sabunta kanta zuwa 2036. Tun da babu sabuwar takarda, babu abin da za a ajiye gaban majalisa. A Nuwamban wannan shekara gwamnati ta sanar, a rubuce kamar kullum, cewa babu komawa, ta yi alkawarin fam miliyan 40 na tallafi cikin shekara goma.

Wuri ɗaya da majalisa ta ciji

A 2021 gwamnati ta kawo ƙudirin dokar 'yan ƙasa da iyakoki. Ba don Chagos aka kawo shi ba, amma ya taɓa dokar zama ɗan ƙasa, kuma hakan ya buɗe ƙofar gyara. Matsalar ita ce takardar zama ɗan ƙasa tana gadon zuriya ɗaya ce kawai ga wanda aka haifa a waje, don haka jikokin waɗanda aka kora ba su da ita, alhali ba da son ransu aka haife su a waje ba. Henry Smith, ɗan majalisa mai wakiltar Crawley a lokacin, garin da 'yan Chagos suka fi yawa a Ingila, ya kawo gyara a Majalisar Wakilai ya faɗi. A Majalisar Dattawa Baroness Lister ta sake kawo shi, ya wuce. Gwamnati tana son dokarta ta fita kafin zaman shekara ya ƙare, sai ta sallama ta rubuta nata gyaran. Daga Nuwamban 2022 duk wanda ya fito daga tsatson haifaffen Chagos ya samu damar neman zama ɗan Birtaniya kyauta, cikin wa'adin shekara biyar.

Rahotanni da muhawarori na shekara da shekaru ba su kawo abin da wannan gyara ɗaya ya kawo ba. Dalili kuwa a nan ne kaɗai gwamnati take bukatar wani abu daga hannun majalisa.

Matsin lamba daga waje

Abin da ya tura Birtaniya teburin sulhu daga ƙetare ya zo. A Yunin 2017 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙuri'a 94 da 15, ya nemi ra'ayin Kotun Duniya, ƙasashen Afirka suna gaba wajen goyon bayan Mauritius. Ranar 25 ga Fabrairun 2019 kotun, da alƙalai 13 da 1, ta ce ba a kammala 'yantar da Mauritius bisa doka ba, kuma wajibi ne Birtaniya ta kawo ƙarshen mulkinta a Chagos da gaggawa. A watan Mayu babban zauren ya ba ta wata shida, da ƙuri'a 116 da 6. Birtaniya ta ce ra'ayin shawara ne, ba ya ɗaure ta. A 2021 wani sashe na kotun dokar teku, a shari'ar iyaka tsakanin Mauritius da Maldives, ya ɗauki ra'ayin a matsayin mai tasirin shari'a. Ranar 3 ga Nuwamban 2022 James Cleverly, ministan harkokin waje na gwamnatin Conservative, ya sanar da fara tattaunawa. An yi zagaye 11 a ƙarƙashinsu, Labour ta ƙarasa.

A duk tsawon tattaunawar majalisa ba ta da hurumin amincewa da manufofin da wakilan gwamnati suka tafi da su, ba ta da haƙƙin ganin daftari. Amsar da aka saba bayarwa ita ce ba za a yi sharhi a kan tattaunawar da ke gudana ba. 'Yan Chagos da yawa sun yi kukan cewa su ma ba a sa su ciki ba.

Kwana 21

An rattaba hannu a kan yarjejeniyar ranar 22 ga Mayun 2025, tsakanin firaministan Birtaniya Keir Starmer da na Mauritius Navin Ramgoolam, ɗan wancan Ramgoolam na 1965. Da tsakar daren ranar wani alƙali ya dakatar da sa hannun bisa ƙarar wata mata haifaffiyar Diego Garcia, kafin azahar wani alƙalin ya ɗage dakatarwar. Muhimman sharuɗɗan su ne: Mauritius ce mai mallakar dukan tsibiran har da Diego Garcia, Birtaniya za ta gudanar da Diego Garcia shekara 99, da yiwuwar ƙarin 40, akwai zagayen mil 24 na teku da ba za a gina komai ba sai da yardar Birtaniya, Mauritius tana iya tsugunar da mutane a sauran tsibirai, ban da Diego Garcia.

Daga nan sai dokar 2010 ta gyaran tsarin mulki ta fara aiki, wadda ta mayar da wata al'ada ta 1924 doka. Matakanta kamar haka ne. Minista ya ajiye yarjejeniyar gaban majalisun biyu tare da takardar bayani. A ƙirga kwana 21 na zama, kuma ranar da majalisun biyu duka suka zauna ce kaɗai take shiga lissafi. Idan babu wadda ta zartar da ƙudurin ƙin amincewa, gwamnati ta samu damar tabbatarwa. Idan Majalisar Dattawa kaɗai ta ƙi, minista ya ajiye takardar dalilansa ya wuce. Idan Majalisar Wakilai ta ƙi, minista ya ajiye dalilai, a sake ƙirga wasu kwana 21, kuma tana iya maimaita ƙin ba iyaka.

A takarda wannan iko ne na hanawa. A aikace yana da ramuka huɗu. Shiru amincewa ne, ba a bukatar ƙuri'ar eh. Dokar ba ta wajabta muhawara ba, kuma gwamnati ce ke riƙe da jadawalin Majalisar Wakilai, don haka tana iya ƙin ba da lokaci har kwanakin su ƙare. Ba a iya canza ko harafi ɗaya na yarjejeniyar. Sannan duk takardar fahimtar juna da ba ta kai matsayin yarjejeniya mai ɗaurewa ba, dokar ba ta shafe ta. Tun 2010 Majalisar Wakilai ba ta taɓa tare wata yarjejeniya ta wannan hanya ba. Majalisar Dattawa ta gwada a Janairun 2024 a kan yarjejeniyar tura masu neman mafaka Ruwanda, da ƙuri'a 214 da 171, gwamnati ta ajiye takardarta ta tabbatar.

A kan Chagos, kwamitin yarjejeniyoyi na Majalisar Dattawa ya saurari shaidu ya buga rahoto cikin 'yan makonni. Ya ce yarjejeniyar tana da naƙasu, musamman rashin tabbacin komawar 'yan tsibirin, amma ƙin tabbatar da ita ma yana da haɗarin shari'a ga sansanin. Ranar 30 ga Yuni aka yi muhawara, ƙudurin 'yan adawa na ƙin amincewa ya faɗi da ƙuri'a 205 da 185. Wa'adin ya cika ranar 3 ga Yuli ba tare da Majalisar Wakilai, wadda ita kaɗai ƙinta yake da nauyi, ta zartar da ƙudurin ƙi ba. Majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba ita ta yi aikin tantancewa, zaɓaɓɓiyar kuwa kwanakin suka wuce ta.

A kwatanta da wasu wurare. A Amurka yarjejeniya tana bukatar kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa. Sashe na 53 na tsarin mulkin Faransa ya ce ba a sallama yanki sai da doka, kuma sai da yardar mutanen da abin ya shafa. A Najeriya sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Duk da haka, a batun Bakassi, shugaba Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar Greentree da Kamaru a Yunin 2006, majalisar dattawa ta yi ƙudurin ƙin amincewa a Nuwamban 2007, aka kuma kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agustan 2008. Sashen ya yi magana ne a kan ƙarfin doka a cikin gida, bai hana shugaban ƙasa ɗaukar alkawari a waje ba.

Rikicin alƙaluma

Tsarin biyan kuɗin shi ne fam miliyan 165 a kowace shekara cikin ukun farko, fam miliyan 120 daga shekara ta 4 zuwa ta 13, daga nan adadin ya riƙa bin hauhawar farashi. Akwai fam miliyan 45 a shekara na tsawon shekara 25 don ayyukan raya Mauritius, da fam miliyan 40 sau ɗaya a asusun amana na 'yan Chagos. Idan aka dubi rabon, da wuya mutum bai tuna kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba.

Gwamnati ta ce jimillar fam biliyan 3.4 ce. 'Yan adawa suka ce ta kusa biliyan 35. Duka biyun daga jadawali ɗaya suka fito. Idan aka tara tsabar kuɗin da za a biya kowace shekara har shekara 99 tare da hauhawar farashi, ana samun kusan biliyan 35, kuma masu lissafin gwamnati da kansu sun fitar da wannan adadi. Idan aka cire hauhawar farashi, matsakaicin shi ne fam miliyan 101 a shekara, wato kusan biliyan 10. Idan aka ƙara rage darajar kuɗin gaba da ma'aunin baitulmali, wanda ke farawa da kashi 3.5 cikin ɗari a shekara, sai a sauko zuwa biliyan 3.4. Hanyar baitulmali sananniya ce wajen auna ayyukan gwamnati, amma a kan shekara 99 tana mayar da biyan shekarun ƙarshe kusan babu. Laifin gwamnati a nan shi ne ta gabatar da mafi ƙanƙantar adadi a gaba, babban kuma sai da aka nema ta dokar 'yancin samun bayanai ya fito a watan Agusta, bayan kwana 21 sun riga sun wuce.

Ƙudirin aiwatarwa

Tun sallama tsibirin Heligoland ga Jamus a 1890 ake bin al'adar cewa rabuwa da yanki yana bukatar dokar majalisa, kuma haka aka yi wa Hong Kong a 1985. Saboda haka a Yulin 2025 gwamnati ta kawo ƙudirin dokar sansanin Diego Garcia, ta kuma ce ba za ta tabbatar da yarjejeniyar ba sai ya zama doka. Ya tsallake karatu na biyu ranar 9 ga Satumba, ya fita daga Majalisar Wakilai ranar 20 ga Oktoba. Da kujeru fiye da 400 cikin 650 a hannun Labour, gyare-gyaren 'yan adawa duka sun faɗi. A Majalisar Dattawa, inda gwamnati ba ta da rinjaye, matsin lamba ya sa kwamitin hulɗa da ƙasashen waje da tsaro ya tattara ra'ayoyin 'yan Chagos kai tsaye a ƙarshen shekarar, watanni bayan bakin alƙalami ya bushe a kan yarjejeniyar.

Ƙudirin gajere ne, sassa kaɗan. An tsara shi ne don ya rushe Yankin Birtaniya na Tekun Indiya, ya bar dokokin da ke aiki su ci gaba a Diego Garcia, ya kare takardun zama ɗan ƙasa da 'yan Chagos suka samu, ya ba ministoci ikon gyara wasu dokoki ta hanyar umarnin fada. Wani sashe nasa kuma ya tanadi cewa ikon gadon sarauta na yi wa Diego Garcia doka yana nan daram, wato hanyar da aka bi a 1965 da 2004.